Daga Tsaunukan Norwe zuwa Ƙasar Zuru: Darasin Waƙar Murya da Fiyano ga Masu Adana Waƙoƙin Gargajiya

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan harshe, waƙa da al'adu a Zuru, Jihar Kebbi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin wani nau'in waƙa da ya bunƙasa a ƙasashen arewacin Turai, wato Norwe da Suwidin da Denmak da Finlan, tsakanin 1860 da 1930. Waƙa ce da mutum ɗaya yake rerawa, mai fiyano ɗaya yana raka shi, jama'a na zaune suna saurare. Tare da ita akwai gajerun kiɗe-kiɗen fiyano waɗanda suke tafiya kamar ana rera waƙa ba baki. An ɗauki ayyukan Edvard Grieg a matsayin babban misali, aka duba yadda ya ɗebo waƙoƙin makiyaya da na masu goge ya kai su zauren manya, da abin da aka samu da wanda aka rasa a hanya. Daga nan aka auna darasin da yanayin ƙasar Zuru, inda fiyanon zamani ya riga ya shiga majami'u da bukukuwa da ɗakunan ɗaukar waƙa. Maƙalar ta tsaya a kan cewa fiyano baƙo ne a gidan waƙar gargajiya, kuma amfaninsa yana ga bin harshe da karin muryar masu gida.

1.0 Gabatarwa

A wani ɗaurin aure da aka gayyace ni cikin wata majami'a a garin Zuru na ga abin da ya haifar da wannan takarda. Matan zumunta sun miƙe, jagorarsu ta ɗauko waƙa da harshen C'lela, sauran suka amsa, tulu da caki suka shiga. Wani saurayi yana zaune gefe da fiyanon lantarki. Ya yi ta taɓa maɓallai ɗaya bayan ɗaya yana laluben inda muryar jagora take, har ya dace. Da ya dace sai ya danna kiɗan da na'urar ta zo da shi. Kafin a zagayo amshi na uku, matan ne suke bin na'ura. Mai tulu ta rage hannu. Akwai wani gurbi da jagora take ɗan karya murya, ta sauka tsakanin sautuka biyu. A zagaye na huɗu wannan karyawar ta ɓace, domin babu maɓallin da zai ba da ita.

Babu wanda ya yi laifi a wurin. Saurayin ya yi iya abin da aka koya masa, jama'a kuma sun ji daɗi. Sai dai na fita da tambaya: shin dole ne duk waƙar da ta haɗu da fiyano ta bar wani abu nata a bakin ƙofa? Mutanen Norwe sun yi wa kansu wannan tambaya fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma amsar da suka bayar tana nan a rubuce, ana iya saurarenta a faifai.

2.0 Fayyace Kalmomi

A bakin Bahaushen yau, fiyano shi ne na'urar lantarki irin ta kamfanin Yamaha wadda ta mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano tun shekarun 1990, har ake cewa mawaƙan fiyano. Fiyanon da ake nufi a tarihin da za a kawo shi ne na katako, mai maɓalli 88 da tsirkiya fiye da 200, wanda ƙananan gudumomi suke bugawa. Ba ya kaɗa kansa. Ƙarfin sauti da taushinsa duk daga yatsan makaɗi suke fitowa.

Waƙar zaman sauraro kuwa suna ne da na zaɓa wa waƙar da ake tsarawa haka: a ɗauki rubutacciyar waƙar wani marubuci, mai tsara kiɗa ya ɗora mata rauji, ya rubuta wa fiyano nasa rabon, a buga a takarda. Babu 'yan amshi, babu rawa, babu liƙi. Masu magana da Jamusanci ne suka kai ta ƙololuwa ta hannun Franz Schubert (1797–1828), wanda ya bar waƙoƙi fiye da 600.

3.0 Yanayin da ya Haifi Grieg

Norwe ta daɗe a ƙarƙashin sarautar Denmak har zuwa 1814, daga nan aka haɗa ta da Suwidin, ba ta tsaya da ƙafarta ba sai 1905. A ƙarshen ƙarni na 19 mutanenta ba su fi miliyan biyu da 'yan kai ba. Harshen boko da na littafi na Denmak ne, kiɗan manya kuma na Jamus. Maganar ƙauye da kiɗan ƙauye ana yi musu kallon abin da bai isa shiga zaure ba.

Mutum biyu suka share fage. Ivar Aasen ya zaga ƙauyuka yana tattara karin harshen manoma, ya gina rubutaccen harshe a kansu, majalisar ƙasa ta ba shi matsayi daidai da na littafi a 1885. Shi ne ake kira Nynorsk tun 1929. Ludvig Mathias Lindeman ya bi tsaunuka yana rubuta raujin waƙoƙin gargajiya, ya fara buga su a 1853.

An haifi Edvard Grieg a Bergen a 1843. Shahararren mai goge Ole Bull ne ya shawo kan iyayensa suka tura shi makarantar kiɗa ta Leipzig a Jamus a 1858. Ya dawo a 1862 da ilimin Jamusawa cikakke, amma bai sami muryarsa ba sai da ya koma kan abin da su Lindeman suka tara. A 1869 ya tsara wa fiyano waƙoƙi da raye-rayen gargajiya 25. Matarsa Nina Hagerup, wadda ya aura a 1867, mawaƙiya ce, kuma da muryarta ya gwada akasarin waƙoƙinsa. Haka suka zaga biranen Turai, ita tana rerawa, shi yana kan fiyano.

4.0 Misalai Uku

4.1 Gajerun kiɗe-kiɗen fiyano

Tsakanin 1867 da 1901 Grieg ya fitar da littattafai 10 masu ɗauke da gajerun kiɗe-kiɗe 66, waɗanda ya kira Lyriske stykker. Na farkonsu, Arietta, shafi ɗaya ne tak. Hannun dama yana ɗauke da rauji mai sauƙi wanda yaro zai iya bi da murya, sautukan tsakiya suna gudana a ƙarƙashinsa a hankali. Bayan shekara 34 da ya zo rufe littafi na goma, sai ya dawo da wannan raujin cikin takun rawa, ya rufe da shi.

Abin lura shi ne waɗanda aka yi wa su. An yi su ne domin gida, domin malamar makaranta da ɗalibi da duk mai fiyano a falo. Kamfanin Peters na Leipzig ya buga su, suka bazu a gidajen Turai. Daga baya gwanaye suka ɗauke su zuwa zaure. Grieg da kansa ya naɗi wasu a faifai a Paris a 1903, Emil Gilels ya naɗi 20 daga cikinsu a 1974, Leif Ove Andsnes kuma ya naɗi nasa a kan fiyanon Grieg da ke gidansa na Troldhaugen kusa da Bergen. Ƙanƙantar aiki ba ta hana shi daraja ba.

4.2 Waƙa da harshen ƙauye

A 1895 Arne Garborg ya buga doguwar waƙarsa Haugtussa da harshen da Aasen ya gina. A shekarar nan Grieg ya fara ɗora mata rauji, ya fitar da waƙoƙi takwas a 1898. Labarin wata yarinya ce makiyayiya mai ganin abin da wasu ba sa gani. Ta so wani saurayi, ya yaudare ta, ta ƙare a bakin rafi tana faɗa wa ruwa damuwarta. A waƙar ƙarshe fiyano ne rafin: ƙananan sautuka suna ta gangarowa, sai su lafa idan yarinyar ta kai inda magana take yi mata nauyi. Fiyano a nan yana yin aiki irin na 'yan amshi, ya cike gurbin da murya ta bari, ya ja baya idan ta dawo.

Grieg yana iya zaɓar Jamusanci, kasuwarsa ta fi faɗi. Ya sha kokawa kan yadda fassarar Jamusanci take ɓata dacewar kalma da rauji a waƙoƙinsa. Lokaci ya ba shi gaskiya. Kirsten Flagstad ta rera Haugtussa da harshenta na asali a faifai, haka ma Anne Sofie von Otter tare da Bengt Forsberg, waɗanda faifansu na waƙoƙin Grieg ya zama gwarzon shekara na mujallar Gramophone a 1993. A yau mawaƙi daga kowace ƙasa sai ya koyi furucin wannan ƙaramin harshe kafin ya hau dandali da ita.

4.3 Mai goge da mai tatsar nono

Misali na uku ya fi kusa da damuwarmu. A Norwe akwai gogen Hardanger, mai tsirkiya huɗu da ake gogawa da wasu huɗu ko biyar a ƙarƙashi masu amsa amo da kansu. Wani tsohon makaɗinsa, Knut Dahle na yankin Telemark, ya rubuta wa Grieg yana roƙon a rubuta kiɗe-kiɗen da ya gada kafin su bi shi kabari. A 1901 Grieg ya ɗauki nauyin tafiyarsa zuwa babban birni, Johan Halvorsen ya zauna da shi ya rubuta kiɗa 17. Grieg ya mayar da su na fiyano, aka buga a 1903 da sunan Slåtter.

An tsira da abu mai yawa, amma an yi asara. Mai gogen Hardanger yana taɓa sautukan da suke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano, kuma a wasu raye-rayen bugu uku na taku ba tsawonsu ɗaya ba. Rubutun kiɗa na Turai ba shi da gurbin waɗannan, fiyano ma haka. Ita ce dai karyawar muryar da ta ɓace a majami'ar Zuru. Bambancin shi ne an buga rubutun goge na Halvorsen shi ma, kuma masu goge sun ci gaba da koyar da yaransu da kunne, don haka asalin bai mutu ba.

Akwai kuma Gjendine Slålien, budurwa mai tatsar nono da Grieg ya tarar a tsaunukan Jotunheimen a 1891. Ta rera masa waƙar reno. Da ya tsara ta cikin jerin waƙoƙin gargajiya 19 na 1896, sunanta ya sa a kan waƙar, kuma da shi ake kiranta har gobe.

5.0 Maƙwabta da Alaƙarsu da Nijeriya

A Finlan, Jean Sibelius (1865–1957) ya je garin Porvoo a 1891 ya saurari Larin Paraske, gwanar waƙoƙin baka irin waɗanda Elias Lönnrot ya haɗa littafin Kalevala da su a 1835. Duk da haka yawancin waƙoƙinsa na murya da fiyano da harshen Suwidin ya yi su, harshen gidansu. A Denmak, Carl Nielsen (1865–1931) ya bi wata hanya: shi da Thomas Laub da wasu abokai suka tsara rauji masu sauƙi domin jama'a su rera tare, aka tara su a littafin makarantun manya na 1922. A Suwidin, Wilhelm Peterson-Berger ya fitar da gajerun kiɗe-kiɗensa na Frösöblomster a 1896.

Wannan kiɗa ya taɓa iso mu ta hanyoyin da ba kowa ya lura ba. Raujin Finlandia na Sibelius ya shiga littattafan waƙoƙin majami'a, kuma shi aka ɗauka aka yi taken Biyafara da shi a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. 'Yan mishan na Denmak sun sauka Numan a 1913 ƙarƙashin Niels Brønnum. A kudancin ƙasar nan kuma an daɗe ana kokawa da irin tambayarmu. Ekundayo Phillips ya rubuta littafi a 1953 kan dacewar rauji da karin sautin Yarbanci. Akin Euba (1935–2020) ya kawo ra'ayin a sa fiyano ya yi magana kamar gangunan Afirka, Joshua Uzoigwe (1946–2005) kuma ya gwada haka da kiɗan ukom na Ibo. A Legas an kafa ƙungiyar MUSON a 1983, tana da zaure da makaranta. Rabon Arewa a wannan fage kaɗan ne.

6.0 Ƙasar Zuru a Ma'auni

Masarautar Zuru ta ƙunshi Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. A cikinta akwai Lelna, waɗanda Hausawa suke kira Dakarkari, da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Acifawa, ga Hausawa da Fulani. Akwai waƙoƙin bikin Uhola na bayan girbi, da na samarin golmo masu noman neman aure, da na kokawa da daka da niƙa da reno. P. G. Harris ya yi rubutu kan al'adun Dakarkari tun 1938, Carl Hoffmann ya nazarci nahawun harshensu, C'lela, a 1967. Nazarin rauji bai sami irin wannan gata ba. Matsayin C'lela a gaban Hausa da Ingilishi ya yi kama da na maganar ƙauyen Norwe a gaban harshen Denmak: da ita ake reno, da wani harshe ake rubutu. Matsaloli uku ne suke jiran duk wanda zai haɗa waɗannan waƙoƙi da fiyano.

Ta farko ita ce karin sauti. A Hausa, kuka na hawaye da kuka ta miya hawa da saukar murya ne ya raba su. Gari na zama da gari na tuwo tsawon wasali ne. C'lela ma harshe ne mai karin sauti. Harsunan Norwe da Suwidin suna da ɗan abin da ya yi kama da haka, kari iri biyu da suke bambanta wasu kalmomi, amma nauyinsa bai kai namu ba. Mawaƙin Hausa ba kullum yake bin karin magana sau da ƙafa ba, sai dai ya san inda zai kauce ma'ana ba ta juye ba, kuma ba ya wasa da tsawon gaɓa. Wanda ya ɗauko raujin waje ya cusa masa kalmomi ba shi da wannan sani. Tun da 'yan mishan suka zo Zuru a shekarun 1920 kunnuwa suka saba da fassararrun waƙoƙi inda rauji yake hawa kalma tana sauka. Saba da abu bai mayar da shi daidai ba.

Ta biyu ita ce ma'aunin sauti. Fiyano ya raba tazarar da ke tsakanin sauti da takwaransa na sama gida 12 daidai wa daida. Goge da kukuma da sarewa da muryar tsohuwa mai niƙa ba su san wannan rabo ba. A nan muna da damar da Grieg bai samu ba. Fiyanon katako yana shan wuya a hunturu, katakonsa ya bushe, tsirkiyoyi su saki, ga tsada, ga ƙarancin masu gyara. Na lantarki kuwa yana nan a majami'u da shagunan ɗaukar waƙa, kuma da yawansu suna da wurin da ake ɗaga ko sauke kowane sauti kaɗan. Ana iya daidaita na'ura da muryar jagora kafin a fara. Abin da ya rage shi ne a koya wa makaɗa cewa wannan wuri yana nan, kuma su kashe kiɗan da na'ura take yi da kanta.

Ta uku ita ce wurin zama. A zauren Turai mawaƙiya tana tsayawa a kwiɓin fiyano, kowa riƙe da takardar baitoci, ba a tafi sai jerin waƙoƙi ya ƙare. A filinmu kuwa guɗa da kirari da kari da rawa suna cikin jikin waƙar. Waƙar Uhola da aka raba da fili da ƙura da taron dangi ta zama wani abu daban. Saboda haka ba kowace waƙa ce ta dace da zaman sauraro ba, wasu ma na tsafi ne ko na sirri da masu su ba za su yarda a fitar ba. Amma muna da waƙoƙin da tun asali murya ɗaya ce cikin natsuwa: na reno, na niƙa, na makiyayi a bayan shanu, na makoki. Kuma Bahaushe ya san zaman sauraro. Wanda ya taɓa kasa kunne ga kuntigin Ɗan Maraya Jos a rediyo, ko ya zauna ana rera rubutacciyar waƙa a zaure, ya san murya ɗaya da rakiya ɗaya suna iya riƙe jama'a.

7.0 Shawarwari

Na ɗaya, a fara da ɗauka kafin tsarawa. Halvorsen da alƙalami ya yi aiki, mu muna da waya a aljihu. A naɗi muryar dattawa da sauti da hoto, a rubuta baitoci da alamun karin sauti, a ajiye kwafi fiye da ɗaya.

Na biyu, a rubuta sunan mai waƙa da ƙauyensa da wanda ya koya masa, a nemi izininsa, a ba shi rabonsa idan kuɗi ya shigo. Rubuta kalmar gargajiya kawai a ƙarƙashin waƙa hanya ce ta cinye haƙƙin mai ita.

Na uku, a tsara da harshen waƙar. Fassarar Hausa ko Ingilishi ta tsaya a takardar da za a raba wa masu sauraro.

Na huɗu, a fara da ƙanana. Kiɗa mai shafi ɗaya da yaron majami'a ko na ɗakin ɗaukar waƙa zai koya cikin mako ya fi babban aikin da babu mai kaɗa shi.

Na biyar, a nemi mazauni. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 tana iya ɗaukar waƙoƙin noma a matsayin ɓangare na tarihin noman yankin. Majalisar masarauta da shugabannin addinai da sassan harsunan Nijeriya na jami'o'inmu kowa yana da abin da zai kawo, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa abin da ya kai waƙar Norwe zaurukan duniya shi ne riƙe harshen gida, da komawa wurin masu abin, da sa fiyano ya bi murya. Ta kuma nuna cewa ko a hannun gwani kamar Grieg sai da aka yi asarar wasu sautuka, kuma abin da ya rage zafin asarar shi ne masu goge ba su ajiye gogensu ba. Don haka tsara waƙa domin fiyano ƙari ne a kan filin Uhola da turmi da dutsen niƙa, ba ya maye gurbinsu.

Knut Dahle shi ya rubuta wasiƙa ya nemi a zo a ɗauka. Dattawanmu na Dabai da Fakai da Wasagu ba za su rubuto mana ba, mu ne za mu je. Ina roƙon kowane ɗalibi da malami da ke wannan zaure, kafin Uhola mai zuwa, ya naɗi waƙa ɗaya daga bakin tsoho ko tsohuwa ta gidansu, ya rubuta sunan mai ita a kai.